Silo yana rawa? Ajiye sukundirebar nan tukuna

Kai yaro, kana tambayata me ya sa Hilux ɗin nan ta mai kayan gwari, mai inji 22R, take gudu lafiya lau a kan titi, amma da an tsaya sai silo, wato gudun inji ba a taka totur ba, ya riƙa hawa da sauka, wani lokaci ma ta mutu a danja, alhali ka wanke kafireto har ka juya sukurun mai. To wa ya aike ka ka juya? Ku yaran yanzu da mota ta yi tari sai hannu ya kai kan sukuru, don shi kuka gani a bidiyon waya. Sukurun nan shi ne na ƙarshe da ake taɓawa, sau tari ma ba a taɓa shi sam.

Buɗe kunnenka. Idan mota tana silo, faifan totur a rufe yake, saura 'yar siririyar kafa, inji kuwa yana ta zuƙa. A lokacin ne zuƙar cikin manifol, bututun da ke kai iska da mai daga kafireto zuwa inji, ta fi ƙarfi, kuma ɗan man da ke riƙe da injin ta silo-jet yake bi, ramin da da ƙyar ido ke ganinsa. Duk inda iska ta samu ɓarauniyar hanya ta shiga, sai ta rinjayi ɗan man nan. Da ka taka totur iska mai yawa ta shigo ta ƙofa, ta satar ba ta a bakin komai. Shi ya sa direba zai rantse maka motarsa ba abin da ke damunta sai silo, kuma gaskiyarsa ne.

Fulogi, wayoyinsu, taimin, matatar iska, ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Wanda bai duba su ba kafin ya kwance kafireto ya je ya kama sayar da rake. Bawul kaɗai zan ambata, don na san halinku: 22R tana son tazarar milimita 0.20 a bawul na shiga, 0.30 a na fita, kuma da zafin inji ake aunawa. Ku kuwa sai ku matse su don kada mai mota ya ji ƙas-ƙas ya ce ba ku iya ba. Bawul a matse, silo ba zai zauna ba ko ka kwana kana juya sukuru.

Bari inji ya yi zafi sosai, ka cire murfin iska, ka ɗan tura faifan cok, mai rage iska a bakin kafireto, da yatsa ya rufe rabi, fuskarka a gefe, kada ta yi maka aman wuta. In silo ya daidaita, to mai ya yi kaɗan: ko iska na satar hanya, ko silo-jet ta toshe. In kuwa ta shaƙe tana baƙin hayaƙi, mai ne ya yi yawa, ka nemi fulot, mai tsayar da mai idan kwanon kafireto ya cika, da allurarsa. Kafireton Aisan na motar nan har taga aka yi masa ta gilashi a gefe, man ya tsaya a tsakiyarta. Ko ka leƙa? Ba ka leƙa ba.

Daga nan ɗauki filaya ka bi tiyo-tiyon da ke manne da manifol kana matsewa ɗaya bayan ɗaya, wanda ka matse injin ya canza murya shi ne mai laifi. Ka fi sa ido kan babban tiyon da ya tafi tukunyar birki. Sa wani ya taka birki ya riƙe, in ka ji huci a ƙarƙashin sitiyari inji ya hau rawa, robar cikin tukunyar ce ta yage, kafireto ba ruwansa. Sannan ka kama sandar da faifan totur ke juyawa a kanta, ka girgiza ta sama da ƙasa.

Wannan sandar ce ma ta sa na tsaya ba ka amsa, in ba haka ba da na ce ka je ka ci gaba da wankin notuna.

Zamanin Abacha ne, ba a daɗe da ba mu jihar Gombe a 1996 ba. Lita naira 11 a gidan mai, in ka samu ke nan, in ba ka samu ba sai 'yan bumburutu, wani ya haɗa da kalanzir, wani da ruwa. Duk motar da ta yi ciwo sai a ce mai ne. Wani Alhaji, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa na nan cikin gari, yana da a-kori-kura Fijo 504, haɗin Kaduna, yana ɗauko tumatir da albasa daga Kwadon da Dadin Kowa zuwa kasuwar Gombe, wani lokaci har Bauchi. Ba garejin da bai shiga da ita ba. Kowa ya wanke kafireto, ya zubar da man tanki, ya karɓi kuɗi, gobe ta koma gidan jiya. Ni da aka kawo ta ban kwance komai ba. Na tsaya ina taka totur ina saki. Yanzu silo ya zauna a sama, anjima ya faɗo har ta nemi mutuwa, kowane saki da inda yake tsayawa. Datti ba ya haka, datti wuri ɗaya yake tsayawa. Na kama sandar, sai ga ta tana lilo a cikin raminta, shekara da shekaru ta cinye jikin kafireton. Na ɗiga baƙin mai mai kauri a bakin ramin, hagu da dama, nan take inji ya kwanta luf, da ya zuƙe man ya koma rawarsa. A gaban idonsa na yi, har yana kabbara.

Na ce masa Alhaji, wannan sai an kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a Kano sun zuba masa bushin na tagulla, a nan ba mai yi yadda nake so. Sai ya hau kuka: kwandunan tumatir na jiransa a bakin gona, in ya kwana biyu ya yi asara, ni ƙaninsa ne, in rufa masa asiri. Ina da kafireton Solex kusan sabo da na sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da kuɗin da na tara na ragon layya, na ajiye shi don ranar da babban aiki zai zo. Na ɗaura masa aro. Mutum ne da kullum ka je masallaci yana sahun gaba, wa zai ce masa kawo shaida? Na aika nasa Kano, kuɗin mota da na bushin duk daga aljihuna.

Kafireto ya dawo, na tura yaro. Alhaji ya yi tafiya. Alhaji yana barci. Alhaji ya tafi ta'aziyya Kumo. Ana nan sai na ji a tasha wai ya sayar da motar ga wani mutumin wajen Biu, da kafiretona a jiki, kuma saboda lafiyar injin har ya ci riba. Da na ritsa shi a wajen wani ɗaurin aure, sai ya dube ni ya ce wane aro? Ai musaya muka yi, nasa ɗan asali ne da ya zo da mota daga kamfani, ni ma na ci riba. Kuɗin aikina kuwa ko sisi. Wannan duk da sauƙi. Abin da har yau yake ci mini rai, bin direbobi ya riƙa yi yana cewa ai motar datti ne kawai a mai, ni na ƙirƙiro zancen sanda don in riƙe masa kaya. Ciwon da kanikawan garin nan suka kasa ganowa, ni na gano shi da ɗigon baƙin mai, shi ne aka mayar ƙarya. Dattawan ƙungiya suka ce in bar wa Allah. Na bari, amma ban ce na yafe ba. Shekarar nan naman maƙwabta muka ci da sallah.

Saboda haka ka girgiza sandar nan. In tana lilo, kada ka cusa mata zare ko gam irin na 'yan bakin titi, sati ba za ta yi ba.

In tiyo da sanda duk lafiya, duba gasket ɗin gindin kafireto da na manifol, ka fesa ɗan ruwan sabulu ka saurara. Na ga wasunku na fesa fetur a kan inji mai zafi, ranar da gareji ya kama wuta kada a nemo ni. Akwai kuma ɗan abin lantarki mai waya ɗaya ko biyu a jikin kafireton, shi ke tsayar da man silo idan an kashe mota. Murɗa makulli ka ji ko zai ce ƙas. In wayarsa ta saki, ramukan titi kaɗai sun isa su sa silo ya riƙa yankewa. Silo-jet kuma da iska ake hure ta. Na ga wayar birkin keke a aljihunka, in ka zura ta ciki ka faɗaɗa ramin, kai za ka saya.

Sai an gama duk wannan ake komawa kan sukurun da ka riga ka dagula. Mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, kada ka danne, tsininsa ya lanƙwashe an gama. Dawo da shi kamar juyi biyu, ka tayar, ka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har inji ya kai inda ya fi santsi, sannan ka sauke gudun da sukurun totur zuwa wajen juyi 700 ko 750 a minti. Kunna fitila, taka birki, ka ga ko za ta riƙe. Kada ka saita da sanyin safiya irin na hunturu, da rana za ta canza maka.

Mai motar kuma ka gaya masa kuɗin tiyo da gasket a hannu kafin a kwance noti ɗaya, kuma ba abin da ke fita daga garejin nan da sunan aro.