Tambaya da Amsa: Kuɗin tallafi na fitar da gida daga talauci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya rasu ya bar mini yara huɗu, da tuyar ƙosai nake riƙe su. Wani ya ce in kawo dubu biyu ya sa sunana a tallafin gwamnati. In ba shi? Kuma kuɗin nan na canza wani abu kuwa?
Mai karatu daga Malumfashi

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya marayun nan. Malama, kada ki ba shi ko kwabo. Shiga rajistar masu ƙaramin ƙarfi kyauta ce. Jami'ai ne ke zuwa gari, mutanen unguwa su zauna su fitar da gidajen da suka fi buƙata. Ke dai ki tanadi lambar NIN da asusun banki mai sunanki.

Yana canzawa, na gani da idona. Goggota na cikin matan da suka karɓi naira dubu 5 a wata a zamanin Buhari, ana haɗa musu dubu 10 duk wata biyu. Wani ɓangare na kuɗin daga dala miliyan 322 na Abacha da Suwizalan ta dawo da su ya fito. Goggon ta shiga adashi da matan layinsu, ranar ɗaukarta ta je kasuwa ta jawo 'yar akuya. Akuyar nan ta yi ta haihuwa, da 'ya'yanta aka yi wa autarta kayan ɗaki. Maƙwabciyarta kuwa ɗanta ne ya kwanta ciwo, nata ya ƙare a kemis, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Abin da ya taimaki Goggo shi ne kuɗin na zuwa a kai a kai, har mutum ya iya lissafi da shi. Nan nake da ja da tsarin 2023, da aka sanar bayan cire tallafin man fetur: dubu 25 a wata, na wata uku kacal, ga gidaje miliyan 15. Ƙasar da hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci, wata uku me zai yi mata, ga tsadar abinci?

In Allah Ya sa tallafin ya zo hannunki, ki sayi wake da kaka lokacin da yake araha, ki ƙara da jarkar man gyaɗa, ki daina awon kullum. Uwar kuɗin ki ajiye ta daban, cefanen gida ya riƙa fita daga riba.