Ku Tambaya Mu Amsa: Wane katin sauti ya dace da rediyon masu sha'awa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Garwa, kuma ina da lasisin rediyon masu sha'awa, wato masu aika saƙo da karɓa ta rediyo don sha'awa ba don kasuwanci ba. Ina so in fara aiki da FT8, tsarin musayar gajerun saƙonni ta rediyo da taimakon kwamfuta, a kan tsohuwar na'urata Icom IC-718, amma duk lokacin da na haɗa ta da ramin sauti na kwamfuta sai ƙugi ya cika layin, wani sa'in ma kwamfutar ta tsaya cak da zarar na fara aikawa. Wani abokina mai ɗakin naɗar waƙoƙi ya ce in sayi irin katin sautin da suke amfani da shi. Shin wannan ce mafita?
Daga wani mai karatu a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Abokinka ya yi maka nufin alheri, sai dai ya auna buƙatarka da mudun sana'arsa. Katin ɗakin naɗar waƙa an ƙera shi ne domin ya kama kowane lungu na muryar mawaƙi da kayan kiɗa, shi ya sa ake tallarsa da kilohaz 192 da bit 24, alhali sautin da rediyonka ke fitarwa faɗinsa bai wuce kilohaz 3 ba, siginar FT8 guda ɗaya kuwa haz 50 kacal take ci. Manhajar WSJT-X, wadda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar da FT8 a cikinta a shekarar 2017, abin da take nema shi ne kilohaz 48 da bit 16, kuma ko ƙaramin katin USB mai araha yana iya wannan.

Ciwon da ka bayyana ba na ingancin sauti ba ne. Ƙugin nan yakan taso ne idan jikin rediyo da jikin kwamfuta suka haɗu ta wayar sauti, sannan suka sake haɗuwa ta wutar gida, sai wutar haz 50 ta sami zagayen da za ta bi ta shiga cikin sautin. A gidajenmu da yawa babu wayar ƙasa ta kirki, ga janareta ga injin sola, kowanne da hayaniyarsa, saboda haka abin ya fi tsananta a wajenmu. Maganinsa shi ne ƙananan tiransifoma biyu na sauti, irin masu om 600 a kowane gefe, ɗaya a layin shiga ɗaya a layin fita, waɗanda za su bar sauti ya wuce ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Tsayawar kwamfuta kuwa alama ce ta cewa ƙarfin da kake aikawa yana dawowa ta wayar da ta haɗa rediyo da kwamfuta. Ka nemi gajeriyar waya mai rufi, ka naɗe ta sau da dama a zoben ferit, wato zoben da ke tare siginar rediyo daga bin waya, ka kuma duba eriyarka, domin sau da yawa daga can matsalar take farawa.

Abu na biyu da katin waƙa ba zai yi maka ba shi ne umartar rediyo ta fara aikawa. Na'urorin da aka ƙera domin wannan aiki sun tanadi hanyar yin hakan. SignaLink USB tana da tiransifomominta a ciki, tana tayar da rediyo da zarar ta ji sauti, tana kuma da maɓallan murɗawa na daidaita shiga da fita, kuma akwai wayar da ta dace da ramin haɗa ƙarin na'urori (ACC) mai fil 13 da ke bayan IC-718. Digirig ƙarama ce ƙwarai, tana haɗa sauti da layin sarrafa rediyo a waya guda. A ganina SignaLink ta fi dacewa da halin da ka faɗa, tun da ƙugi ne babban abin da ke damunka.

Sai dai irin waɗannan kaya ba a cika samunsu a kasuwanninmu ba, sai an yi oda daga waje, ga kuɗin dako da na kwastan. Tun da hannunka ya saba da dalma, ba na ganin abin da zai hana ka haɗa naka. Ka sayi ƙaramin katin USB mai guntun CM108, ka sa tiransifomomin nan biyu, ka ƙara rizista mai murɗawa domin rage ƙarfin sauti, da kafasita a bakin ramin makirfo, saboda ramin yana fitar da 'yar wuta da bai kamata ta kai ga sauran haɗin ba.

Kowanne ka zaɓa, kada ka mai da shi katin da Windows ke fitar da sautinta ta cikinsa, in ba haka ba ƙarar buɗe kwamfuta ma za ta fita duniya a kan megahaz 14.074, mitar da ake yin FT8, da sunanka. Ka rage sautin aikawa har ma'aunin ALC, wanda ke nuna yadda rediyo ke danne ƙarfin da ya yi yawa, ya kusa daina motsi. Ka kuma tuna FT8 na riƙe rediyo tana aiki kusan daƙiƙa 13 cikin kowace 15 ta zangon aikawa, kuma a zafin Garwa na watan Afrilu wat 30 ya ishe ka. Alamar kira mai farawa da TJ, wato ta Kamaru, ba ta da yawa a iska, za ka ga masu nemanka sun yi layi ko da ƙarfinka kaɗan ne.

TAMBAYA: Ina da Icom IC-7300. Wane kati zan saya? Kuma me ya sa nake ganin sigina a allo amma manhaja ba ta karanta ko ɗaya?
Daga wani mai karatu a Njamena.

AMSA: Kada ka sayi komai, domin IC-7300 tana da katin sauti a cikinta, wayar USB guda ta wadatar. Rashin karantawar kuma galibi daga agogon kwamfuta yake, saboda FT8 na buƙatar kada ya kauce da fiye da daƙiƙa ɗaya ko makamancin haka. Ka daidaita shi ta intanet kafin ka fara, ko ta ƙaramar na'urar GPS idan layin ya yanke.