Tambayi Likita: Ruwa na fita ta cibiyata, an ce sai tiyata

Salam likita, shekarata 34, wata uku kenan ƙasan cibiyata na ciwo ga wani ruwa mai wari da ke ɗan tsattsafowa, na sha magani a kemis ya lafa ya kuma dawo, da na yi sikanin aka ce ƙullutu ne tsakanin cibiya da mafitsara wai sai an cire da kyamara. To ba za a zuƙe ruwan kawai a ƙyale ni ba? Wallahi tsoron yanka nake.
Daga wani magidanci, Unguwar Rogo, Jos

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ba da lafiya. Wannan abu da shi aka haife ka. Jariri a ciki yana da wata siririyar hanya daga mafitsara zuwa cibiya, urachus sunanta, tana toshewa kafin haihuwa, amma a wasu tsakiyarta ba ta rufewa sai ruwa ya taru ya yi jaka, ya zauna shiru shekara da shekaru har ranar da ƙwayoyin cuta suka shiga ya yi mugunya.

Zuƙewa ba ta raba ka da shi tunda jakar na nan, za ta sake cika. Ga kuma abin da ya sa ba ma wasa da shi a babba: cutar kansa na iya tasowa a wurin, ba kasafai ba dai, amma shi ya sa ake cire hanyar gaba ɗaya, wani lokaci har da ɗan saman mafitsara, a kai lab a duba.

Aikin kyamarar kuwa tiyata ce sosai, kar wani ya ce maka wasa ne, sai an yi maka allurar barci. Za a huda ciki wuri 3 ko 4, kowanne kamar santimita 1, a hura iska ciki ya ɗaga, likita na kallon allo yana aiki. Ciwon bai kai na tsaga ciki ba kuma yawanci kwana 1 zuwa 3 an sallame ka, in an taɓa mafitsara za ka yi kamar sati da robar fitsari. Kafaɗa kan yi ciwo kwana biyu saboda iskar, kar ka tsorata. In aikin ya yi wuya likita na iya komawa tsagawa, za a gaya maka tun kafin ka sa hannu.

In akwai mugunya yanzu sai an fara kashe ta da magani tukun. Ka bar kemis haka nan, ɗauki takardar sikanin ɗinka ka je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo ka nemi ɓangaren likitocin mafitsara, in kuma zazzaɓi ya rufe ka ko ka ga jini a fitsari ranar za ka tafi.