Ku Tambaya, Mu Amsa: Wayata Ta Cika, Me Zan Goge?

Yawancin wasiƙun wannan makon kuka ɗaya suke yi: waya ta cika. Mun zaɓi shida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wayata Tecno ce mai GB 64. Kullum sai ta ce min ta cika, wani lokaci ko hoto ba ta ɗauka. Na goge hotuna sun fi ɗari biyu, na cire manhajoji uku, amma bayan kwana biyu ta koma gidan jiya. Ina wurin yake tafiya? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. An bar jaki ana dukan taiki. Hoton da kyamarar waya ta ɗauka galibi MB 2 ne zuwa 5, wanda aka turo ta WhatsApp kuwa ko rabin MB ɗaya ba ya cika kaiwa, don an matse shi. Hotuna ɗari biyu da ƙyar su kai GB ɗaya. Bidiyo kuwa, minti ɗaya kacal a kan ingancin 1080p yana cin MB 60 zuwa 130, gwargwadon wayar. Ashe ke nan bidiyon kamu ko na walima na minti goma zai iya yin nauyin duk hotunan nan da ka goge.

Kafin ka sake goge komai, shiga saitin waya, ka danna Storage. Za ta jera maka abin da ya ci wuri: bidiyo, hotuna, sauti, manhajoji da tsarin wayar kansa. Wannan na ƙarshe ba ya goguwa, kuma yakan kwashe GB 10 ko fiye, don haka tun ranar da ka ɓare ta a kwali ba GB 64 ne a hannunka ba.

Sannan akwai yiwuwar hotunan da ka goge suna nan daram. Wayoyin yanzu ba sa zubar da hoto nan take, suna ajiye shi a kwandon shara har kwana 30 ko za ka canza shawara. Buɗe wurin hotuna, ka nemi Trash ko Recently deleted, ka zazzage shi. Sai a lokacin wurin zai dawo.

Amma babban mai laifin, a wayar ɗan kasuwa mai guruf-guruf, WhatsApp ne. Buɗe shi, danna ɗigo ukun nan na sama, shiga Settings, sai Storage and data, sai Manage storage. Za ka ga jimillar abin da ya ci, da rukuni biyu: abubuwan da suka haura MB 5, da waɗanda aka yi ta yaɗawa. A ƙasa kuma ga sunayen mutane da guruf a jere, mafi nauyi a sama. Shiga guruf uku na farko, ka jera kayan daga babba zuwa ƙarami, ka goge bidiyoyin da ba ka buƙata. Idan ya tambaye ka ko a goge duk kwafin, ka amince, domin bidiyo ɗaya kan kwanta a guruf huɗu. Rasit da hoton kayan da aka yi ciniki a kansu, ka sa musu tauraro tukuna, don kada su bi ruwa.

Duk wannan aikin banza ne idan ba ka toshe ƙofa ba, kuma shi ya sa ta sake cika bayan kwana biyu. A nan cikin Storage and data akwai Media auto-download mai layi uku: lokacin data, lokacin Wi-Fi, da lokacin da kake wata ƙasa. Shiga kowanne ka cire alamar da ke kan hotuna, bidiyo, sauti da takardu. Daga nan sai abin da ka danna da hannunka zai sauka, datarka ma ta huta. Saƙon murya ne kawai zai ci gaba da sauka da kansa, shi kuwa ba shi da nauyi. Wasu kan kashe Media visibility su zaci sun yi maganin abin. Ɓoye hotunan kawai yake yi daga wurin hotuna, nauyinsu yana nan.

Saura wurare biyu da ake mantawa: jakar Download, da jakar Xender. Finafinai da karatuttukan da aka tura maka a shago, da fayilolin manhaja masu ƙarewa da apk waɗanda an riga an ɗora su, duk a nan suke kwana.

TAMBAYA: Ɗana ya ce in riƙa danna Clear cache, maƙwabciyata kuma ta ce ita ta danna wani abu a wurin, Facebook ɗinta ya fita, har yau ba ta koma ba. Wanne ne ba shi da haɗari? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

AMSA: Malama, maɓallai biyu ne kusa da juna, aikinsu kuma ya sha bamban. Na farko, Clear cache, yana share tarkacen da manhaja ta tara don ta riƙa buɗewa da sauri, kamar hotuna da bidiyon da kika riga kika wuce a Facebook ko TikTok. Ba ya taɓa asusunki. Na biyu, Clear data ko Clear storage, yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta: ya fitar da ke, ya goge saitinki. Shi maƙwabciyarki ta danna, kuma da alama ta manta kalmar sirrinta. Idan layin da ta buɗe asusun da shi yana hannunta, za ta iya neman a turo mata lambar sake shiga.

Hanyar ita ce: saitin waya, Apps, ki zaɓi manhajar, ki shiga Storage, ki danna na farkon kawai. Ki fara da TikTok, Facebook, Instagram da Chrome, su ne suka fi tara tarkace, wani lokaci har ya haura GB ɗaya. TikTok yana da nasa a ciki mai suna Free up space, a nan ma za ki ga bidiyoyin da kika fara haɗawa ba ki ɗora ba, su ma suna da nauyi. Telegram kuma a Data and Storage, sai Storage Usage. Shi gogewarsa ba ta da fargaba don kayan suna can a rumbunsa na intanet. Na biyun kuwa, wato Clear data, kada ki kusance shi a WhatsApp matuƙar ba ki tabbatar an adana hirarrakinki ba, haka a manhajar banki sai in kina riƙe da kalmar sirrinki a ka.

Sai dai ki sani tarkacen yana dawowa cikin 'yan kwanaki, kuma da datarki yake dawowa. Sau ɗaya a wata ya isa.

TAMBAYA: A kwalin wayata an rubuta RAM 4+4. Idan na goge bidiyo RAM zai ƙaru? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

AMSA: A'a, ɗan'uwa. RAM wurin da waya ke aiki ne a lokacin da manhaja take buɗe, ma'ajiya kuma inda kaya ke kwana. Huɗun farko su ne na gaske. Huɗun da aka ƙara aro ne daga ma'ajiyarka: Tecno da Infinix suna kiransa MemFusion, Samsung kuma RAM Plus. Idan wuri ya yi maka ƙaranci, ka rage shi ko ka kashe a saiti, ka sake kunna wayar. Goge bidiyo ba ya ƙara RAM, amma yana rage nauyin jiki, domin ma'ajiyar da ta cika maƙil tana jinkirin rubutu. Ka riƙa barin aƙalla kashi ɗaya cikin goma a sake.

TAMBAYA: Na sayi katin memori mai GB 128 da araha, na kwashe hotunan iyali da tafsirin azumi na zuba a ciki, na goge na waya. Yanzu rabinsu ba sa buɗewa. Ƙwayar cuta ce ta shiga? Daga wani magidanci a Maraɗi.

AMSA: Allah ya mayar da alheri, Malam. Alamun da ka faɗa na jabun kati ne. Ana ɗaukar ƙaramin kati, mai GB 8 misali, a sauya bayanin da yake ba waya, sai ya riƙa cewa shi 128 ne. Muddin ba ka wuce girmansa na gaskiya ba, lafiya lau yake aiki, shi ya sa ba a gane shi a gaban mai shago. Da ka wuce, sunayen fayil za su ci gaba da bayyana, amma kayan ko dai ba a rubuta su ko'ina ba, ko an rubuta su a kan na baya. Abin da bai taɓa shiga katin ba, babu manhajar da za ta dawo da shi. Yanzu dai ka daina zuba komai a ciki, ka kwafe waɗanda ke buɗewa zuwa kwamfuta, ka duba kwandon sharar wayar ko kwana 30 ba su cika ba, sannan ka tambayi 'yan'uwan da ka taɓa tura wa hotunan.

Nan gaba, sunan kamfani a jikin kati ba hujja ba ne, don masu jabu manyan sunaye suke bugawa. Farashi ya fi faɗin gaskiya: katin 128 a kuɗin na 16 abin tuhuma ne. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika katin gaba ɗaya a sake karanta shi. Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna H2testw da ke yin haka. Ka nemi mai gyaran waya ya gwada maka kafin ka zuba komai, ko da zai ɗauki awa ɗaya ko biyu. Ka kuma duba alamomin jikinsa: lamba 10 cikin da'ira, ko 1 cikin harafin U, na nufin yana rubuta aƙalla MB 10 a daƙiƙa, ya isa hoto da bidiyo na yau da kullum. Mai 3 cikin U yana kai MB 30.

Idan ka saka sabon kati, wasu wayoyin za su tambaye ka ko ya zama Portable ko Internal. Zaɓi na farko. Na biyun yana kulle katin da wannan wayar kaɗai, ranar da ta faɗa ruwa ko ta mutu, katin ba zai buɗe a wata ba. Wajen kwashe kaya kuma, kwafa za ka yi tukuna, ka buɗe guda goma daga farko, tsakiya da ƙarshe, ka ga suna aiki, sannan ka goge na waya. A saitin kyamara ka mayar da wurin ajiya zuwa kati. WhatsApp dai ba ya komawa kan kati. Idan ka kwashe bidiyonsa can, za su buɗe a wurin hotuna amma ba za su ƙara buɗewa a cikin hirar ba.

Kuma abin da ba ka son rasawa, kada ya zauna a wuri ɗaya tak. Filashi mai bakin waya, wanda ake kira OTG, yana shiga ta wurin caji, ya isa zama ajiya ta biyu.

TAMBAYA: An ce in ɗora hotunana a Google Photos in goge na waya. Na yi, yanzu kuma ana ce min asusuna ya cika, saƙon imel ba ya shigowa. Daga wata 'yar kasuwa a zangon Kumasi.

AMSA: Hajiya, Google GB 15 yake ba kowane asusu kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a cikinsa suke ci. Da can hotuna ba su da iyaka, amma an daina haka tun 1 ga Yuni, 2021. Daga farkon 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android, wato kwafin hirarrakin da yake adanawa a Google, ta shiga lissafin. Idan ya cika, imel ya tsaya, ajiyar WhatsApp ma ta tsaya.

Ki fara da WhatsApp: Settings, Chats, Chat backup, ki kashe Include videos. Sannan a Google Photos ki mayar da ingancin ɗorawa zuwa Storage saver, wanda ke matse hoto zuwa megafiksel 16, bidiyo kuma 1080p, ido ba ya ganin bambanci a fuskar waya. Manyan bidiyoyin da ke can, ki sauke su zuwa filashi ko kwamfuta kafin ki goge.

Ki kula da wannan sosai: idan kika danna alamar kwandon shara a cikin Google Photos, hoton zai tafi daga waya da intanet gaba ɗaya. Mai cire na waya kawai ya bar na intanet shi ne Free up space, wanda ke ƙarƙashin hoton asusunki na kusurwar sama. Idan an yi kuskure, hoton da aka riga aka ɗora yana zama a kwandon kwana 60 kafin ya ɓace, kuma a tsawon kwanakin nan za ki iya dawo da shi.

TAMBAYA: Wace manhajar share waya ce ta fi kyau? Ina da guda uku amma ban ga canji ba. Daga wani matashi a Jos.

AMSA: Cire su duka ukun, ɗan'uwa. Tarkacen da muka yi bayani a sama kawai suke sharewa, su cika ka da talla, su sha batir, wasu ma su nemi izinin shiga hotuna da lambobinka ba gaira ba dalili. Idan kana son mataimaki, Files by Google ya wadatar, kyauta ne kuma ba talla. A shafinsa na Clean zai nuna maka fayilolin da suka maimaitu, manyan fayiloli da manhajojin da ka daɗe ba ka buɗe ba, kai ne za ka zaɓi na gogewa. Shi ma yana da kwandon shara na kwana 30, sai ka zazzage shi bayan ka gama. Idan kuma iPhone ce a hannunka, ba ta da wurin kati: ka shiga saitin waya, sai General, sai iPhone Storage, ka danna Offload App a kan manhajar da ba ka amfani da ita. Zai cire manhajar ya bar bayananka, ranar da ka sake sauke ta ka tarar da su.