Amsa: Tantin hawan Dutsen Tubkal a lokacin sanyi

Ɗan'uwa, ka ce za ka hau Dutsen Tubkal na Maroko a watan Janairu, kana tambaya ko gara ka sayi tanti mai rufewa ruf saboda sanyi. Kada ka soma. Irinsa ne ke jiƙa mutum.

Cikin dare tururin numfashinka zai tashi ya taɓa ƙyallen da ya ɗauki sanyi, ya daskare a jikinsa. Iska na kaɗa tantin, sai ƙanƙarar ta riƙa zubo maka a fuska kamar gari, ta narke a kan jakar barcinka. In ta gashin agwagwa ce, tana jiƙewa ɗuminta ya tafi, ga shi wurin kwanan ya kai tsayin mita 3,200.

Nemi mai rufi biyu da tazara a tsakaninsu, domin raɓar ta tsaya a na waje. Ya kasance da kafar iska a sama, mai 'yar rumfa da ke tare dusar ƙanƙara, wadda za ka iya zuge zif ɗinta daga ciki ba sai ka fita ba. Ta ƙasa kuwa dusar kan toshe ta, don haka share ta kafin ka kwanta. Ƙyallen ciki kada ya zama raga zalla, wannan na lokacin zafi ne.

Don Allah kada ka kunna murhun gas tanti yana rufe. Iskar kabon monoksaid da murhun ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa. Yi girkinka a zauren tantin, ƙofa a buɗe.