Magen da ta yi sulhu da ɓera, da sauran ƙorafin wannan mako

Wata uwargida daga Gusau ce ta fara: "Malam na karɓo mage wajen maƙwabciyata saboda ɓeraye sun addabe mu a sito, wallahi shekaranjiya na leƙa na tarar tana kwance kan buhun masara, ɓera na ta ɓarza a gefenta ko kallo bai ishe ta ba. In daina ba ta abinci ne ko in nemo wata?"

Hajiya ai kyanwar Lami kika samo, ba cizo ba yaƙushi. Amma don Allah kar ki hora ta da yunwa, in kika yi haka ba sito za ta nufa ba, kicin ɗinki za ta koma, kifin miya ne zai biya bashin. Farauta dai akwai ta a jinin mage, sai dai gwanintar a wajen uwa ake ɗauka, tun 'ya'yan suna kamar sati 4 zuwa 5 uwar ke fara kawo musu ɓera, har da mai sauran rai, su yi ta wasa da shi har hannu ya faɗa. To in an raba ta da uwa tun tana 'yar mitsitsiya aka raine ta da madara a kan kujera, ina za ta koya? Sannan ki duba da kyau, ɓera ne ko gafiya? Don in gafiya ce kam ba na ganin laifinta, mage da yawa ba sa tarar abin da ya kusa kai su girma, ni ma da ni ne sai in yi kamar ban gani ba. In za ki ƙaro wata, ki tambaya ko uwarta na kamu, kuma ki bari ta yi wata 2 cur a gaban uwar. Kafin nan ki sayi tarko, a toshe ramukan da siminti, a ɗora buhunan kan katako nesa da bango. Ban da maganin ɓera tunda akwai mage a gidan, in ta ci wanda guba ta kama ita ma tana iya tafiya.

Sai wani bawan Allah daga Maraɗi, ya ce ya sayi kajin gidan gona masu ƙwai guda 5 don su ƙyanƙyashe masa, wata da watanni kullum sai su ajiye ƙwai su kaɗe fiffike su yi gaba.

Ɗan'uwa ba lalaci ba ne, haka aka so su. Masu fitar da irin da gangan suka riƙa zaɓen waɗanda ba sa kwanci, saboda kaza in ta kwanta daina ƙwai take yi, su kuma ƙwan suke sayarwa. Ka je kasuwa ka sayi kazar Hausa ɗaya ko biyu wadda ta taɓa ƙyanƙyasa, in ta fara kwanci ka zuba mata kamar 10, kwana 21 za ka ji tsiyau-tsiyau. Dabarar da mutanen ƙauye ke yi da ƙwan zabi ke nan tun kaka da kakanni, sai dai shi yana kai kwana 26 zuwa 28. Af, ba ka ce kana da zakara ba fa. In babu, ko shekara za a yi ana kwanci ba abin da zai fito sai wari.

Na ƙarshe daga Zariya, wai zakaransa ƙarfe 2 na dare yake cara, har wani tsoho a layin ya taɓa tashi ya yi alwala ya nufi masallaci.

Yawanci haske ne ke ruɗa shi, a kawo wuta tsakar dare ƙwan fitila ya haske akurkin ko mota ta dallo shi, shi ke nan gogan naka ya ɗauka gari ya waye. Ka mai da shi inda ke da duhu ka rufe da buhu, ka bar masa kafar iska. Ka ba shi sati 2. In bai shiryu ba, sabo da kaza dai ba ya hana yanka ta, ka aika wa tsohon nan cinya ɗaya.