Amsar tambayar Hajiya kan kitsen kajin nama

Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari muryarki tun da safe, ina gona ne shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Kin ce kajinki sun kai sati bakwai, a hannu da nauyi, amma mai gashin kajin da ke saye wajenki a Ƙofar Ƙwaya ya yi ƙorafi, wai in an fede kitse ne dam a ciki, ya lulluɓe ƙundu, ƙirji kuwa ba tsoka. Kin kuma ce da waken suya ya yi tsada kika koma ƙuliƙuli zalla.

To Hajiya, matsalar tana nan wajen. Abin da kaza ke gina tsoka da shi wasu sinadarai ne da ake kira amino asid, kuma biyu ne suka fi saurin ƙarewa a abincinmu: laisin da metiyonin. Masara ba ta da laisin sosai. Waken suya yana da shi, metiyonin ne ya gaza. Shi kuwa ƙuliƙuli duka biyun ya gaza. Kamar randa ce da ta huje a tsakiya, ko jarka goma kika juye, ruwa ba ya wuce hujin nan. Kaza za ta ci ta ƙoshi, amma da laisin ya ƙare ginin tsoka ya tsaya, ƙarfin masarar da ya rage sai jiki ya mai da shi kitse. Kuma ƙirjin ne ke fara shan wahala, don shi ya fi buƙatar laisin. In kin ga gashinsu a yamutse, ki zargi metiyonin.

Ni dai haɗina, a kilo 100 na abinci ina sa giram 200 na garin laisin da giram 200 na garin metiyonin, na 'yan tsaki nakan ɗan ƙara. Ki mai da waken suya ko da rabi ne, a soya shi da kyau, ɗanye yana hana narkewar abinci. Ƙuliƙulin da ya yi fumfuna kuwa kada ma ya shigo gidanki.

Don Allah a auna da sikeli, ban da kintace da cokali. Wata shekara yarona ya antaya metiyonin da yawa, wai don su yi saurin girma. Wallahi ina tsaye ina kallo, su zo bakin mazubi su ɗan caccaka su juya, sai da na sake haɗi. Ki fara cakuɗa garin a kwano ɗaya na dusa, sannan ki juye cikin babban haɗi.

Sai zafin nan namu na Afrilu da Mayu, kaza na haki ba ta ci da yawa, ɗan abin da ta ci dole ya zama cikakke. Waɗannan na sati bakwai ki sayar kawai, Hajiya, kitsen ba ya komawa tsoka. Zubi na gaba ki turo min haɗin kafin a kai inji, mu duba tare.